NAZARI: Kasuwa ko hukuma? Tsohuwar muhawarar da ta biyo ma'aikatan tarayya har cikin albashinsu

A ranar 29 ga Mayu, 2023, a Dandalin Eagle, taku kaɗan daga Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya kau. Kafin a cika kwana uku, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja. Bayan mako biyu, Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri guda, ya bar naira ta nemo wa kanta farashi. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, fetur kuma ya tsallake naira 1,000 a Oktoban wannan shekarar.

Ma'aikacin da ke sammako daga Mararraba, Kubwa, Suleja ko Gwagwalada bai buƙaci masanin tattalin arziki ya fassara masa abin da ya faru ba, domin kuɗin mota da na cefane sun riga sun yi masa bayani. Gwamnati ta biyo baya da ƙarin naira 35,000 na wucin gadi, sannan a Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Duk da haka hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban shekarar, kafin Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin lissafinta.

Waɗannan matakai suna da tushe a wata muhawara da ta haura shekara ɗari biyu ana tafkawa: wane ne ya fi cancanta ya yanke farashi, ya raba dukiya, ya kare mai saye, kasuwa ko hukuma? Muhawarar ta shafi ma'aikatan tarayya ta fuska biyu. Su ne masu albashin da kasuwa ke zaftarewa, kuma su ne masu rubuta ƙa'idojin da ake ɗora wa kasuwar.

Sunayen da ke ruɗar mai karatu

A siyasar Amurka ta yau, masu ra'ayin riƙau, waɗanda akasarinsu ke jam'iyyar Rifablikan, su aka sani da kiran a rage haraji, a rage dokoki, a sakar wa 'yan kasuwa mara. Masu sassaucin ra'ayi na jam'iyyar Dimokurat kuwa su ke neman gwamnati ta sa ido a kan kamfanoni, ta kare ma'aikaci da muhalli, ta tallafa wa marar galihu.

A Turai ta ƙarni na 19 lamarin akasin haka yake. Masu sassaucin ra'ayi ne ke fafutukar cinikayya ba shinge, masu ra'ayin riƙau kuma, waɗanda yawancinsu masu manyan gonaki ne, suna kare harajin da ke hana hatsin waje shiga Birtaniya. Da aka soke wannan haraji a 1846, jam'iyyarsu sai da ta dare gida biyu. Ke nan suna ɗaya yana iya nufin abu da kishiyarsa, gwargwadon ƙasa da zamani. Abin da ya fi amfani shi ne a ajiye sunayen gefe, a dubi hujjar kowane ɓangare.

Hujjar masu son a bar kasuwa ta yi halinta

Masu wannan ra'ayi suna jingina da Adam Smith, ɗan Sikotland da ya wallafa littafinsa kan arzikin al'ummai a 1776. Fahimtarsa ita ce, mahauci da mai burodi suna ciyar da gari ne saboda neman ribarsu, kuma muddin akwai gasa, son ran kowane ɗan kasuwa yakan ƙare da amfanar jama'a. A ƙarni na 20 Friedrich Hayek ya ƙara wata hujja: farashi saƙo ne. Idan tumatir ya yi tsada, manomi ya ji labarin ya ƙara shuka, mai girki kuma ta rage amfani, ba tare da wani ofishi ya ba da umarni ba. Babu wani kwamiti, komai ilimin membobinsa, da zai iya tattara bayanan da miliyoyin masu saye da sayarwa ke riƙe da su. Duk lokacin da hukuma ta danne farashi ƙasa da abin da kasuwa ke nunawa, kaya sukan ɓace daga kanti su ɓulla a bayan fage.

Tarihin Najeriya cike yake da misalan da ke ƙarfafa wannan magana. Hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda suka tara dalar gyada a Kano, sun shafe shekaru suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuma tana tafiya aljihun gwamnati. A farkon shekarun 1980 lasisin shigo da kaya ya zama haja mai zaman kanta: mai uwa a gindin murhu ya karɓo takarda, ya sayar wa mai masana'antar da ke buƙatarta da gaske. A 1984 mutane sun kwana a layin madara, sukari da sabulu, alhali Dokar Ƙayyade Farashi ta 1977 tana nan daram a littafi.

Tallafin fetur ma haka ya kasance. Kamfanin NNPC ya ce ya kashe naira tiriliyan 4.39 a kansa a 2022 kaɗai. Tun a 2012 binciken Majalisar Wakilai ya bankaɗo yadda aka riƙa biyan tallafi a kan man da bai taɓa shigowa ƙasar ba, wanda ya shigo kuma wani kaso nasa yana sulalewa zuwa Nijar, Benin da Kamaru, inda farashi ya ninka. Mai motoci uku da babban janareta ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyar tallafin nesa ba kusa ba. A kasuwar canji kuwa, tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na 'yan canjin Zone 4 ta mayar da samun dalar gwamnati hanyar kuɗancewa cikin dare ɗaya. A ganin masu wannan ra'ayi, duk inda aka bai wa jami'i ikon zaɓar wanda zai samu da wanda zai rasa, an buɗe wa cin hanci ƙofa.

Hujjar masu son hukuma ta tsaya a tsakani

Ɗaya ɓangaren bai musanta amfanin gasa ba. Abin da yake cewa shi ne, kasuwa tana da makafin wurare, kuma a nan ne ake yi wa talaka illa.

Na farko, mai saye ba ya iya sanin komai. Uwar da ta sayi maganin fitar haƙori ba ta da ɗakin gwaji a gida. Tsakanin 2008 da 2009 gurɓataccen maganin My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya. Cewa kasuwa za ta hukunta kamfanin daga baya ba zai dawo da ran ko ɗaya ba. Shi ya sa har yanzu ake tuna zamanin Dora Akunyili a hukumar NAFDAC a matsayin shaidar abin da hukuma mai haƙora ke iya yi.

Na biyu, gasa takan cinye kanta. Babban kifi yana haɗiye ƙanana har ya rage shi kaɗai, daga nan kuma farashi ya zama abin da ya ga dama. Amurka ta kafa dokar hana babakere a 1890, kuma da ita Kotun Ƙoli ta wargaza kamfanin mai na Standard Oil zuwa kamfanoni 34 a 1911. Shi kansa Adam Smith ya yi kashedin cewa 'yan kasuwa masu sana'a ɗaya ba su cika haɗuwa ba tare da hirar ta karkata ga yadda za a ɗaga farashi ba.

Na uku, harkar kuɗi idan aka sake ta ba linzami takan jefa kowa a rami. Durƙushewar kasuwar hannun jari ta 1929 ce ta sa gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa inshorar kuɗin ajiya a 1933 da hukumar sa ido kan hannun jari a 1934, John Maynard Keynes kuma ya fito a 1936 da hujjar cewa idan kasuwa ta kwanta, gwamnati ce kaɗai ke iya tayar da ita. Najeriya ta ɗanɗana nata. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, an sassauta ba da lasisin banki, adadinsu ya tashi daga kusan 40 zuwa kusan 120 cikin 'yan shekaru. Da yawa ba su da sana'ar da ta wuce juya dala. A Janairun 1998 aka rufe 26 a lokaci guda. A 2009 ma sai da Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta.

Na huɗu, kasuwa aljihu take saurare, ba ta jin kukan buƙata. Lokacin da aka rushe hukumomin amfanin gona a 1986, manomin koko ya samu farashi mai kyau, amma an tafi da masu tantance inganci tare da hukumomin, sai darajar kokon Najeriya ta faɗi a kasuwar duniya. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano sun tsinci kansu suna gasa da kayan waje masu araha, ba wuta, ba rance mai sauƙi, har ƙofofinsu suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Aƙida a baki, lalura a kan mulki

Wani abin lura shi ne, da wuya a samu gwamnatin da ta tsaya kan aƙidarta idan ruwa ya kai wuya. Richard Nixon, ɗan Rifablikan, shi ya daskarar da farashi da albashi a faɗin Amurka a Agustan 1971. Jimmy Carter, ɗan Dimokurat, shi ya cire hannun gwamnati daga ƙayyade kuɗin jirgin sama a 1978. George W. Bush, mai kiran a bar kasuwa, shi ya sa hannu a dokar ceto bankuna da dala biliyan 700 a Oktoban 2008. Donald Trump kuma ya mayar da harajin shigo da kaya, wanda jam'iyyarsa ta daɗe tana ƙyama, ginshiƙin manufarsa.

Margaret Thatcher, wadda ta hau mulkin Birtaniya a 1979 ta kuma zama tambarin cefanar da kamfanonin gwamnati, ta bar darasi mai muhimmanci. A shekarar da ta sayar da kamfanin wayar ƙasar, 1984, a shekarar aka kafa hukuma ta musamman da za ta sa masa ido ta kuma taƙaita ƙarin farashinsa. Haka aka yi da gas, ruwa da lantarki. Fitar gwamnati daga sana'a bai rage buƙatar ƙa'ida ba, ƙara ta ya yi.

A Najeriya layin ma ya fi haka dusashewa. Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga da yajin aiki suka tilasta aka dawo da ita naira 97. Da yawa daga cikin waɗanda suka soki matakin a lokacin, har da Tinubu, su ne daga baya suka haɗu a jam'iyyar APC. A zaɓen 2023 kuwa, Tinubu, Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alƙawarin cire tallafin. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana dalar hukuma ga masu shigo da kaya iri 41 a 2015, ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Gwamnatin da ta gaje ta, daga jam'iyya ɗaya, ta ɗage takunkumin dalar a Oktoban 2023. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma ya rungumi ɓangarorin biyu: sashe na 16 ya ɗora wa gwamnati kula da tattalin arziki da hana dukiya taruwa a hannun 'yan tsiraru, ya kuma tabbatar wa ɗan ƙasa 'yancin yin sana'arsa.

Waya da lantarki: magani ɗaya, sakamako biyu

Idan ana neman inda za a auna hujjojin nan a aikace, babu kamar kwatanta harkar waya da ta lantarki. Dukansu gwamnati ce ta yi kaka-gida a cikinsu, dukansu sun gaza, dukansu kuma aka miƙa wa 'yan kasuwa.

Kafin 2001, kamfanin NITEL yana da layukan da ba su wuce kimanin 400,000 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 100. Samun layi sai da sanayya da doguwar jira. A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a Agustan shekarar. Da farko layi ya yi tsadar gaske, kira kuma naira 50 ne a minti, ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi. Da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi sahu ba shiri. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Masu son kasuwa suna ɗaukar wannan a matsayin babbar nasararsu, kuma suna da gaskiya. Sai dai labarin bai cika ba idan aka cire hukuma. NCC ce ta tsara gwanjon da masu zuba jari suka amince da shi. Ita ta tilasta wa kamfanoni su haɗa layukansu, ta yanke kuɗin da za su biya juna, don kada babba ya toshe ƙarami. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba ta 'yanci da iko. A 2013 ta ba mai waya damar sauya kamfani da lambarsa. A 2015 ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, aka daidaita a kan naira biliyan 330. Ko ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da aka yi a farkon 2025, sai da ya bi ta teburinta. Gasa ce ta sauke farashi, amma alƙalin wasa ne ya sa gasar ta yiwu.

Lantarki ya bi wata hanya dabam. An kafa dokar gyaran fannin a 2005, aka raba NEPA, wadda ta koma PHCN, gida-gida. Daga 1 ga Nuwamba, 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 da na samar da ita ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe kamfanin dakon wuta na TCN da kashi 40 cikin ɗari na kamfanonin rarrabawa. Fiye da shekara goma bayan haka, wutar da ke isa ga jama'a tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, babban layin ƙasa yana faɗuwa a kai a kai, kusan rabin masu amfani da wuta kuma ba su da mita, ana yi musu lissafin ƙiyasi.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai waya yana iya cire layi ya sa wani, amma mazaunin Lugbe ba shi da wata igiyar wuta sai ta AEDC. Abin da aka yi shi ne mayar da babakeren gwamnati babakeren 'yan kasuwa, yanki-yanki. Da yawa daga cikin masu sayen sun ciyo bashin banki ne suka biya, ba su da sauran kuɗin sayen taransifoma da mita, har ta kai bankuna da hukumar AMCON suka karɓe ragamar wasu kamfanonin, ciki har da na Abuja, Kano, Kaduna, Benin da Ibadan. Gwamnati kuma ta riƙa danne kuɗin wuta ƙasa da abin da ake kashewa, tana alƙawarin cike giɓin, ba ta cikawa a kan lokaci, bashi ya taru a wuyan masu samar da wuta da masu sayar musu da gas. A Fabrairun 2024 kamfanin AEDC ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 da yake bi kimanin naira biliyan 47, har da Fadar Shugaban Ƙasa. Mai kafa doka ya zama babban mai cin bashi. Da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a Afrilun 2024 bisa sharaɗin wutar awa 20 a rana, sai tambayar ta koma ko hukumar na da ƙarfin tabbatar da awannin.

Kwatancin yana nuna cewa cefanarwa kaɗai ba ta warkar da komai. Inda gasa za ta yiwu, aikin hukuma shi ne ta buɗe fili ta tsare shi. Inda ba za ta yiwu ba, hukuma ce ke tsayawa a madadin gasa, kuma idan ta yi rauni, mai saye ba shi da wurin gudu.

Fetur da abinci: inda ake gwajin yanzu

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta tanadi cewa kasuwa ce za ta yanke farashin mai, ta kuma kafa hukumar NMDPRA don kula da tacewa da rarrabawa. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin matatar da hukumar a wannan shekarar ta juya muhawarar kai ƙasa: ɗan kasuwa ne ke neman a taƙaita lasisin shigo da mai don kare masana'antar gida, hukumar gwamnati kuma tana cewa ƙasa ba za ta dogara da matata ɗaya ba. Kowanne yana da hujja. Ƙasar da ke son masana'antu ba za ta yi wasa da jarin da ya kai wannan girma ba, amma cire tallafi ba zai amfani mai mota ba idan mai sayarwa ɗaya ne ya rage a fili.

A fannin abinci, Fabrairun 2024 ya nuna yadda hannu ke saurin komawa ga tsohon makami idan tsada ta yi tsanani. Wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta umarci gwamnati ta ƙayyade farashin wasu kayayyaki bisa tsohuwar dokar farashi. A Kano an rufe rumbunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye hatsi. A Abuja hukumar kare gasa da haƙƙin masu saye, FCCPC, ta garƙame wani babban kanti saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. Matakan uku ba iri ɗaya ba ne. Hukunta yaudara da haɗa baki aikin alƙali ne. Yanke wa buhun masara farashi daga ofis kuwa, alhali taki, dizal da rashin tsaro sun ɗaga kuɗin noma, hanya ce ta korar hatsi daga kasuwa.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. Sarkin kasuwa bai saba yanka wa mai hatsi farashi ba, amma yana duba mudu, yana raba gardama, yana korar mai algus. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da rarrabewa tsakanin tsadar da ƙarancin kaya ya haifar, wadda ba a tilasta wa ɗan kasuwa a kanta, da tsadar da ɓoye kaya ya haifar, wadda hukuma ke da ikon karyawa.

Abin da ya rage a kan teburin ma'aikaci

Ga mai aiki a ma'aikata ko mai taimaka wa minista da ɗan majalisa, muhawarar ba ta tsaya a littafi ba. Kowace takardar da ake shirya wa Majalisar Zartaswa, kowane ƙudiri da kowace sanarwar sabon kuɗin rajista, zaɓi ne tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu, ko mai rubutun ya sani ko bai sani ba.

Masu ra'ayin riƙau suna da gargaɗin da ya kamata a saurara. George Stigler na Jami'ar Chicago ya nuna a 1971 cewa sau da yawa kamfanonin da aka kafa hukuma don ta sa musu ido su ne ke ƙarewa da juya ta, ƙa'idojinta kuma su zama katangar hana sababbi shigowa. A Najeriya akwai ƙarin matsala: hukumomi da dama suna rayuwa ne da kuɗin da suke karɓa daga waɗanda suke kulawa da su, don haka lasisi da tara sukan zama hanyar samun kuɗin shiga maimakon hanyar kare jama'a. Rahoton Stephen Oronsaye na 2012 ya ƙirga hukumomin tarayya 541, da yawa aikinsu na cin karo da juna, kuma umarnin aiwatar da shi da aka bayar a Fabrairun 2024 bai sauya fasalin gwamnati yadda aka zata ba. Mai ƙaramar masana'anta da jami'ai biyar ke ziyarta kan abu ɗaya ba ya ganin kariya, haraji yake gani.

Masu sassaucin ra'ayi su ma suna da nasu gargaɗin. Gyaran da aka ɗora wa jama'a nauyinsa kafin a tanadi abin rage raɗaɗi yakan rasa goyon baya, ko da lissafinsa daidai ne. Kuɗin da gwamnatocin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa duk wata ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafi. Idan ba a ga ƙarin a asibiti, makaranta da motocin haya ba, mai albashi zai ɗauka cewa an cire daga aljihunsa ne aka mayar wani aljihun.

Daga gogewar shekaru arba'in, tun daga SAP zuwa yau, tambayoyi uku sun fito fili waɗanda ya dace a yi wa kowace sabuwar ƙa'ida da kowane shirin janye hannun gwamnati. Shin mai saye yana da wani wurin zuwa idan an cuce shi? Shin ƙa'idar tana magance wata cuta da za a iya nunawa, ko kuwa tana ƙara wani teburi ne da sai an tsaya a gabansa? Shin hukumar da za ta aiwatar tana da ma'aikata, kayan aiki da 'yancin hukunta babba kamar yadda take hukunta ƙarami?

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon kafa nasu hukumomin kula da wuta, kuma wasu sun riga sun karɓi ragamar daga NERC. Hukumar FCCPC, wadda dokarta ta fara aiki a 2019, har yanzu tana gina ƙarfinta a kasuwannin da kamfanoni biyu ko uku suka mamaye, kamar siminti da sukari. A waɗannan ofisoshi, da irinsu da ke Maitama, Garki da tsakiyar birnin Abuja, za a tantance ko sakin kasuwar da aka yi a 2023 zai bi sawun waya ne ko na lantarki.